Tsohuwar Bindigar Gas: Wacce Ce Za Ta Jure Zafin Kebbi?

Kusan duk shawarar da ake bayarwa kan tsofaffin ƙananan bindigogin da ke harba ƙwayar dalma da iskar CO2, daga mutanen ƙasashen sanyi take fitowa. Su kukansu shi ne gas yana yin rauni idan ƙanƙara ta sauka. Mu a Birnin Kebbi da Argungu da Yauri namu ciwon daban ne, don haka bindigar da suka fi yabo ba lalle ce ta dace da mu ba.

Kafin maganar kuɗi, sai an yi ta takarda. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta saka bindigar iska, babba ko ƙarama, cikin makaman da sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda ake mallaka. A 2023 rundunar ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi, saboda haka a fara zuwa hedikwatar 'yan sanda a ji inda aka kwana. Wanda bai da takarda, ya tsaya a karatu.

Sai zafi. Ƙaramar kwalbar gas mai giram 12 tana ɗauke da matsi wajen psi 850 idan zafi yana digiri 21. Da zafi ya haura digiri 31, gas ɗin ba ya zama ruwa a cikin kwalba kamar yadda ya saba, matsin sai ya yi ta hawa. A watan Maris da Afrilu kuwa mu 40 muke wucewa. Abin da ke faruwa shi ne gudumar ciki ta kasa buɗe bawul sosai, ka ja kunama ka ji ƙara maras ƙarfi, ko shiru. Da yawa sai su ɗauka bindigar ta lalace, alhali inuwa kawai take so ta huce. Wannan matsin kuma shi ke cin robobin da suka shekara hamsin a ciki. Shi ya sa tambayata ga kowace bindiga ɗaya ce: zoben roba nawa ne a cikinta, kuma wa zai iya canza su a nan?

Da wannan ma'auni, Crosman 150 ce a gaba. A 1954 kamfanin na jihar New York ta Amurka ya fito da ita, kuma ita ce ta fara amfani da kwalbar giram 12 da har yau ake sayarwa. Ƙwaya ɗaya take ɗauka, mai milimita 5.5, 'yar'uwarta 157 tana cin 4.5. Ƙarfe ce zalla, bututu a sama, ma'ajin gas a ƙasa, kayan cikinta kaɗan. Duk mai gyaran janareta da ya iya kwance kafireta a natse zai iya sake mata roba idan an kawo masa. Ba ta da wani kyan gani, kuma a wurinmu wannan riba ce, zan zo kai. Abin kiyayewa: dukan bututun ƙasan ne ke cika da gas, don haka ba a kwance murfinsa sai an tabbata ya ƙare ƙarƙaf.

Crosman 600, wadda aka yi daga 1960 zuwa 1970, ita ce amaryar masu tara kayan tarihi. Ƙwaya 10 take ɗauka, tana ɗura kanta da kanta, kunamarta laushi. Amma tana shan gas, wajen harbi 30 kwalba ta ƙare, kuma tana da zaɓen ƙwaya: mai tsinin kai takan shige gindin ta gabanta ta cushe hanya. Hannun da ke ɗauko ƙwaya ya kai bakin bututu yana son tsafta, mu kuwa ƙurar hunturu ba ta neman izini. In ta tsaya, babu mai taɓa ta daga nan har Sakkwato. Ga mai son ajiya a akwati, madalla. Ga mai son harbi kowane mako, ban ba shi shawara ba.

A tsakiya akwai Crosman Mark I ta 1966 da Smith & Wesson 78G ta shekarun 1970. Wajen saiti a kan takarda daga mita 10, sun fi 150 daɗin hannu nesa ba kusa ba. Mark I tana da mataki biyu na ɗana ta, ƙarami da babba, ƙaramin yana tattalin gas. Kwalbarsu a cikin mariƙi take zama. Aibinsu a nan shi ne kama: Mark I an ƙera ta da siffar fistol ɗin Ruger, 78G kuma da siffar Model 41 ta kamfanin da ya yi ta. Haka Crosman 38T mai juyi, wadda ba ka rabe ta da ta gaske sai ka riƙe. A halin tsaron da ake ciki a Kebbi da Zamfara, jami'in da ke shingen bincike ba zai tsaya tambayar shekarar ƙira ba, maƙwabcin da ya hango ta ta saman katanga ma haka.

Tsofaffin Benjamin masu cin kwalbar giram 8, da Crosman 111 da 112 da ake ɗura wa gas daga tanki, a bar wa masu su. Ta giram 12 ma da ƙyar take zuwa, tunda ba a aiko ta ta jirgin sama kamar sauran kaya, balle waɗannan.

Wanda harbin kawai yake so, ba tarihi ba, ya duba Crosman 2240. Jikar 150 ce, tun ƙarshen shekarun 1990 ake yin ta, kayan gyaranta kuma sun fi na kowacce samuwa.

Idan an zo ciniki, a sa mai ita ya saka sabuwar kwalba a gabanka, a ɗiga ruwan sabulu a bakin murfi da mahaɗa, a saurari huci ta bututu. Yoyon roba abin gyara ne, a rage kuɗi kawai. Tsatsar da ta ci ramuka a cikin ma'ajin gas ko zaren murfi da ya cinye, wannan a mayar masa da abinsa. A sayi robobin yuritan saiti biyu tare da ita, domin baƙin zoben kasuwa yakan sha gas ya kumbura. Ɗigon man bindigar gas irin Pellgunoil a kan kowace sabuwar kwalba ya isa. Man burki da fetur kashe roba suke yi. Kwalabe kuma ba sa kwana a mota ko a ɗakin kwano da ba silin, domin iyakar da masu yin su suka gindaya digiri 49 ce, motar da aka rufe da azahar a Jega kuwa tana wuce haka.