Ƙafar jirgi mai naɗewa da kafaffiya: amsar tambayar Alhaji

Alhaji, barka da yamma, ya mutanen Haɗeja, ya aikin shinkafa? Na ga tambayarku ta jiya. Kun kalli bidiyon wani ƙaramin jirgi ya sauka a kan cikinsa don tayoyi sun ƙi fitowa, kuka ce to me ya sa jirgin da ke zuwa feshin jan-baki a fadamarmu kullum ƙafafunsa a waje suke, kuma tsakanin iri biyun, mai naɗe ƙafa da mai kafaffiyar ƙafa, wanne ya fi aminci.

Mai kafaffiyar ƙafa, irin Cessna 172 da aka fara ƙerawa a 1956, ko Cessna Caravan, ko jiragen feshi, ba shi da abin da zai ƙi fitowa, tunda ba ya shiga ko'ina. Ƙarfe ne mai lanƙwasa kamar sifirin, da taya, da birki. In ya samu matsala, a ƙasa yake samunta: matuƙi ya dira da ƙarfi, ko ya fara taɓa ƙasa da tayar gaba har jirgin ya shiga tsalle-tsalle ta karye, ko taya ta fashe, ko ta faɗa rami. Kusan duk abubuwa ne da ido ke gani in an zagaya jirgin kafin tashi.

Mai naɗewa kuwa yana iya samun duk waɗannan, sannan ga nasa na kansa. Don a ɗaga taya a ɓoye ta cikin fiffike ko ciki, galibi sai an haɗa da moto, famfo, tiyo-tiyo na mai, ƙugiyoyin kullewa da ƙananan makunnai da ke kunna koriyar fitila a gaban matuƙi, alamar ƙafa ta sauko ta kulle. Kowane ɗaya cikinsu na iya cin amana. Shi ya sa ake yi musu hanyar gaggawa, kuma hanyoyin ba ɗaya ba ne. Ga misali daga ƙananan jirage uku: a Bonanza akwai hannu da matuƙi zai yi ta juyawa wajen sau 50 har ƙafa ta sauko. A Piper Arrow matsin mai ne ke riƙe tayoyin a sama, da an saki matsin sai nauyinsu ya sauko da su, kuma ni wannan dabarar ta fi kwanta mini a rai. A Cessna 210 famfon hannu ne, amma in tiyo ya fashe mai ya tsiyaye, ko an kwana ana bugawa babu abin da famfon zai tura, sai ƙafafun baya su yi ta reto.

Sai dai abin da ya fi damuna ba ƙarfen ba ne. Sau da yawa jirgin lafiyarsa ƙalau, matuƙin ne ya manta bai sauke ƙafa ba. Ana yi masa magana a rediyo, fasinja na tambaya, ko ya fasa sauka ya zagayo, sai hankalinsa ya ba shi ai ya riga ya sauke. Akwai ƙararrawa da ke kuka in an rage wuta ƙafa na sama, amma mutum in hankalinsa ya rabu, kunnensa na ji zuciyarsa ba ta ɗauka. Wannan kuskuren ba ya yiwuwa a kafaffiyar ƙafa.

Abin da ake samu a madadin wannan wahala shi ne gudu. Cessna 172 na tafiyar kusan kilomita 225 a awa, ɗan'uwansa mai naɗewa, 172RG, na kaiwa wajen 260. Ga mai doguwar tafiya wannan riba ce. Amma ga nauyi, ga tsadar gyara, ga kuɗin inshora.

Ku duba ƙasarmu, Alhaji. Da hunturu ƙura ce ke shiga ko'ina. Na taɓa tsayawa kusa da wani jirgi an ɗaga shi a kan jak ana gwajin naɗe ƙafa. Fitila ɗaya ta ƙi kamawa, ashe ƙura ce ta haɗu da giris ta daskare a kan makunnin da bai fi kan yatsa ba. Da aka goge, sai ga kore. A sama da matuƙi bai san ko ƙafar ce ko fitilar ba. Da damina kuma laka da ciyawa su cika ramin tayar. Hatta a kafaffiyar ƙafa, masu sauka a filin ƙasa kan cire murfin tayar don kada laka ta cushe shi. Ga ƙaya, ga ramin gara. Jirgin feshi yana tashi da sauka sau da yawa a yini, a ƙasa-ƙasa yake aiki, ba gudu yake nema ba, ƙafa mai jure duka yake so.

Game da bidiyon, ku kwantar da hankali, sauka da ciki ba kasafai take kai wa ga rasa rai ba in an yi ta a natse. Matuƙi zai yi ta zagaye ya rage mai, ya wuce ƙasa-ƙasa a gaban hasumiyar filin jirgi a duba masa ƙafar, a sassauta ƙofa kafin taɓa ƙasa don kada ta cije, a rufe mai da lantarki. An fi son kwalta a kan ƙasa mai laushi, don a kwalta jirgi zamewa yake, a ƙasa kuwa yana iya kafewa ya kife. Wanda abin ya same shi a saman Haɗeja, gara ya nufi filin jirgin Dutse ko na Malam Aminu Kano, inda akwai dogon titi da 'yan kwana-kwana. Asarar a aljihu take: farfela ta lanƙwashe, fatar ciki ta kankare, injin kuma sai an warware shi an duba.

Don haka in jirgin da zai riƙa sauka a Gumel, Kazaure ko bakin fadamar Haɗeja ake magana, inda makanikensa ke nesa, ni kafaffiyar ƙafa zan zaɓa ba tare da na yi dogon tunani ba. Mai naɗewa na bar wa wanda ke tashi daga kwalta zuwa kwalta, Kano zuwa Abuja, kuma yake da mai ɗaga masa jirgin a jak a kan lokaci.