Babban taron marubuta ko zaman fada: wanne zai fi amfanar mai rubuta labarin aljanu?

Ƙanena, ka ce ka yi nisa da rubuta labarin wani yaro ɗan Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, da aljanu suka ɗauke, ka tara ƴan jikkuna, kana tambaya ko ka kashe su wajen zuwa babban taron marubuta, ko kuwa ka tsaya nan Damagaram ka nemi masu rubutu irinka ku riƙa zaman fada, wato majalisar shayi da hira. Tunda littafin bai kammala ba, ni dai zaman gida zan ce ka fara. Ga dalilina.

Tarukan da aka keɓe wa labaran aljanu, tsafi da duniyoyin ƙirƙira suna nesa da mu. Worldcon, wanda ya fi shahara, an fara shi a Amurka a 1939, a wurinsa ake ba da kyautar Hugo. A 2023 an yi shi a Chengdu ta ƙasar Sin, a 2024 kuma a Glasgow. Akwai World Fantasy Convention da aka fara a 1975, wanda marubuta, editoci da masu buga littattafai suka fi cikawa. Sai ka biya kuɗin rajista, ka nemi biza, ka sayi tikitin jirgi, sannan galibin maganar da Ingilishi ake yin ta, mu kuwa Faransanci muka yi a lakkol. Ka ajiye wannan sai gaba.

Wanda ƙafa za ta iya kai ka shi ne na Nijeriya. A Kaduna aka fara bikin littattafai na KABAFEST a 2017, sai HIBAF, bikin littattafai da fasahar Hausa, a 2021. Ba na labaran aljanu kaɗai ba ne, amma a can za ka ga masu rubuta su. Daga nan Zinder zuwa Kano wajen kilomita 240 ne ta Matamaye da Daura, Kaduna kuma tana gaba. Tun da Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025, kada ka kama hanya sai ka tambayi direbobin tasha irin takardun da ake nema a kan iyaka, ka kuma bincika garin da za a yi bikin a shekarar.

Abin da babban taro yake ba mutum shi ne buɗewar ido. Za ka ga yadda ake tsara bango, ka ji yadda ake ciniki da maɗaba'a, ka san gasannin da ake yi, irin kyautar Nommo da ake ba marubutan Afirka masu wannan fanni tun 2017. Za ka dawo da lambobin waya da zumuɗin rubutu. Sai dai ba wanda zai karanta maka shafi talatin a can. Marubucin da ka daɗe kana son gani, mutane ne jere a gabansa yana sa hannu a littafi. Ka gaishe shi, a ɗauke ku hoto, na bayanka ya matso. Hirar da take da nauyi ba a cikin zaure ake yin ta ba, sai an tashi, a wajen cin abinci ko a ƙofar masauki da dare. Ko a nan, tambayar farko da za a yi maka ita ce, "Ina littafin?" In ka ce kana kan rubutawa, za a yi maka fatan alheri, hira ta koma kan wani.

Zaman fada kuwa ba ya cin komai sai kuɗin ganyen shayi, sukari da gawayi. Mutum biyar ko shida sun isa, kowa ya zo da shafi biyu ko uku ya karanta da ƙarfi. A nan labari yake tona kansa. Na ga wani matashi yana karanta wurin da sarkin aljanu yake yi wa yaro kashedi, kafin a zuba shayi na biyu wani dattijo da ke gefe, wanda ko rubutu ba ya yi, ya ce masa, "Wannan aljani naka magana yake yi kamar mushen lakkol." Gaskiya ya faɗa. Matashin ya koma ya rage wa aljanin surutu, ya bar shi da kalmomi kaɗan da shiru mai ban tsoro, babin ya tashi. Irin wannan gyara ba a samunsa daga baƙo, sai wanda ya girma yana jin tatsuniyar Dodo da Gizo, ya san yadda ake faɗin sunan Doguwa a hankali.

Kayan aikinka ma a nan suke. Duwatsun Birni da magariba, ragowar ganuwar da Sarki Tanimun ya gina, lungunan Zango, tsoffin da suka san kirarin iskoki ɗaya bayan ɗaya. Ba kuma baƙon abu kake yi ba: littattafan da suka fito a 1934 daga gasar rubutun Hausa da aka shirya a Zariya cike suke da aljanu da abubuwan al'ajabi.

Fada tana da nata ciwon, ba zan ɓoye maka ba. Kunya tana hana abokai faɗin gaskiya, kowa ya ce "ya yi kyau" a wuce. Wata rana kuma hirar ƙwallo ko siyasa ta cinye daren. Maganinsa a sa doka tun farko: karatu kafin hira, kuma duk wanda ya saurara sai ya nuna wuri guda da bai gamsu da shi ba. Ku kuma zaɓi wuri da lokacin da mata marubuta za su iya zuwa, kamar yammacin Lahadi a harabar wata makaranta, don su suka fi mu riƙe tatsuniya, kuma da yawansu suna rubutu a waya.

Saboda haka ka riƙe jikkunanka. Ka kammala littafin, ku karance shi babi-babi a zaman nan, ka buga babi uku na farko a takarda mai tsabta da lambar wayarka a sama. Sannan ka nemi mutum ɗaya ko biyu daga cikinku ku tafi bikin tare, ku raba kuɗin masauki.