Ƙashi ne ya yi laushi, ko gaɓa ce ta lalace?

Ƙanena mai shirin jarrabawar lafiyar dabbobi, ka ce ka kasa raba laushin ƙashi da ciwon gaɓa a aladu, tunda duka ɗingishi suke kawowa. Mu nan Kano ba kiwonsu muke yi ba, amma karatun zai yi maka rana ko a kan ragon layya.

Laushin ƙashi daga abinci yake farowa. Kashi 99 cikin ɗari na kalsiyam ɗin jiki a ƙashi yake, haka kusan kashi 80 na fosforas. In ɗayansu ya gaza, ko bitamin D, sai ɗan alade ya tashi ƙashinsa bai yi ƙwari ba, ƙafa ta gwame, haƙarƙari ya yi ƙulle-ƙulle a jere kamar carbi. Uwa mai shayarwa kuwa nono ke zuƙe mata kalsiyam ɗin ƙashi, har ta karye wajen yaye. Masara na da fosforas, sai dai wajen kashi biyu cikin uku a ɗaure yake, cikin alade ba ya iya kwance shi sai an zuba sinadarin fitez.

Ciwon gaɓar, wanda littafinku ke kira ostiyokondirosis, ko mai cin abinci ingantacce yana kamawa. Tun dabbar na ƙarama, ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da guringuntsi suke mutuwa, wurin ya ƙi zama ƙashi, nauyi ya hau kansa ya tsage. Ya fi son gwiwar gaba da ta baya. Ana gadonsa, saurin girma da daɓe mai santsi kuma suna ingiza shi.

Ranar fiɗar gawa, ɗauki haƙarƙari ka lanƙwasa. Mai lafiya zai ce ƙas, mai laushi ya tanƙwaru kamar ɗanyen kara. Sannan buɗe gwiwa. In guringuntsin, farin saman nan mai sheƙi, ya yamutse ko ya ɓantare, alhali haƙarƙarin da ƙwarinsa, to ciwo na biyu ne.

Na farko garin ƙashi da bitamin D na gyara shi. Na biyu ko buhu ka juye ba ya warkewa, kalsiyam in ya yi yawa ma hana jiki shan fosforas da zinki yake yi. Cire dabbar daga masu haihuwa ya fi.

Masu turka rago da dusar alkama zalla, ku ma ku ji: fosforas ya yi mata yawa, kalsiyam kaɗan. Ku haɗa da harawa. Kanwa ba ta cike wannan gurbin.