Hana yaro kayan leda kwata-kwata ko ƙayyade masa: wanne ya fi?

'Yar'uwa, kin ce ɗanki mai shekara shida in ya dawo daga makaranta ba ya iya zama wuri ɗaya, abu kaɗan sai kuka, tuwo kuwa ko kallonsa ba ya yi. Kina zargin biskit da minti da lemon kwalba, kina tambaya ki yanke masa su ɗungurungum ko ki rage. Na bi hanyoyin biyu da yarana uku a nan Bauchi, bari in ajiye miki su gefe da gefe.

Amma tukuna, mu san abin da muke yaƙa. Yawancinmu sukari muke ɗora wa laifin ƙiriniya. A 1995 masana a Amurka sun tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan yara, ba su ga sukari shi kaɗai yana sauya halin yaro ba. Kala ce ke da magana. A 2007 Jami'ar Southampton ta Ingila ta gwada 'yan shekara 3 da 'yan 8 zuwa 9, aka ga wasu kalolin abinci haɗe da sinadarin hana lalacewa suna ƙara wa wasu yara rashin natsuwa. Shi ya sa tun 2010 ake rubuta gargaɗi a Turai a jikin kayan da ke ɗauke da kaloli shida, ciki har da masu lamba E102 da E110. Juya bayan ledar ki duba. Sukari kuma ɓarnarsa a haƙori take, da toshe cikin yaro ya ƙi abinci, bayan awa biyu yunwa ta taso masa ya hau rigima.

Hanawa gaba ɗaya ita na fara yi, kuma ba zan ɓoye alherinta ba. Cikin 'yan kwanaki babban ya koma cinye abincinsa, rigimar la'asar ta ragu. Tana kuma da sauƙin faɗa: babu, shi ke nan.

Sai dai a gidajenmu ba uwa kaɗai ke riƙon yaro ba. Kaka za ta kwance bakin zani ta miƙa masa kuɗi, baffa zai shigo da tsaraba, ga mai tireda a ƙofar makaranta, ga abokai. Wata Asabar ina wankin kayan makarantarsa na sa hannu a aljihu, sai na zaro ledojin minti guda biyar, an ninke su ƙanana an cusa can ƙasa. Jikina ya yi sanyi. Yaron da ba ya ɓoye min komai ya koyi ɓoyo, kuma dokata ce ta koya masa. A gidan suna kuwa, in ya samu lemo sai ya sha kamar ba gobe. Wannan ya fi biskit ɗin tayar min da hankali.

Ƙayyadewa ta fi wahala a farko, don kullum sai an yi ciniki da kai. Tana kuma rushewa in baban yara bai shigo ciki ba. Ke ki hana, shi ya dawo da leda da daddare, aikin banza ke nan. Amma da muka haɗa baki ta zauna. Dokarmu uku ce: ba a cin kayan leda kafin abinci, biskit ranar Juma'a ne bayan an sauko daga masallaci, lemo kuwa sai da dalili, kuma kwalba ɗaya a raba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, in da hali ma ƙasa da kashi 5, wato kamar giram 25 ko ƙaramin cokali shida ga babba. Ƙaramar kwalbar Coke ɗaya ta haura giram 30. To ina ga yaro.

Abin da ya riƙe tsarin shi ne canji. Ba a karɓe abu a hannun yaro a bar shi haka. Maimakon kuɗin tara, sai in zuba musu masa uku da ƙuli, ko awara, ko dafaffen ƙwai, da 'yar gyaɗa da dabino da nake sayowa a kasuwar Muda Lawal. Ɗan Bauchi dai ba ya ƙin masa. Kada ki ce kuma duk na gida lafiyayye ne: zoɓon da aka cika da sukari da kala, da alewa da tuwon madara, su ma lissafinsu ɗaya da na leda.

Ni ƙayyadewa na zaɓa, kuma ita nake ba ki shawara. Abu biyu kawai na hana ƙememe: lemon ƙara kuzari, saboda sinadarin kafeyin (caffeine) da ke hana barci, da ƙanƙarar leda mai rina harshe ja ko ruwan lemo, don na lura ƙaramar tawa ba ta natsuwa in ta sha.

Ki gwada mako biyu kina lura da cinsa da barcinsa, ki kuma tambayi malaminsa yadda yake a aji. In babu sauyi, ki duba ƙarfe nawa yake kwanciya da yawan riƙe waya, sannan ki kai shi sashen yara a Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa ko asibitin da ya fi kusa da ke.

Hajiya kaka kuwa kada ki ce mata ta daina ba shi. Ki je ki gaishe ta, ki ce: “Hajiya, jikanki ba ya cin tuwo in ya sha minti, a riƙa ajiye masa dabino.” Tawa surukar da na faɗa mata haka, har aya ta ƙara masa.