Bose QC35 II na hannu: shin sabuntawar 4.5.2 ce ta rage masa ƙarfi?

Wanda duk ya shiga neman Bose QuietComfort 35 II na hannu zai ci karo da gargaɗi ɗaya: wai a guji wanda aka sabunta wa manhajar ciki zuwa 4.5.2, domin tun fitowarta a watan Yunin 2019 hedifon ya daina kashe hayaniya kamar da, bes ɗinsa, wato amo mai kauri, kuma ya yi sanyi. A ganina wannan gargaɗi yana kai mai saye inda ba nan matsalar take ba. Hedifon har yanzu ya cancanci a saye shi, kuma kuɗin da za ka ƙara don neman tsohuwar manhaja gara ka zuba su a kushin kunne na asali.

Hedifon ya fito a 2017 a kan kusan dala 350. Batirinsa yana kai awa 20 a kan Bluetooth idan sabo ne, cajin minti 15 kuma yana ba da kamar awa biyu da rabi. Ba shi da nauyi, ba ya matse kai, yana haɗuwa da na'ura biyu a lokaci guda, kuma kashe hayaniyarsa mataki uku ne: babba, ƙarami, da kashewa gaba ɗaya. Aibinsa ma a fili yake. Wurin cajinsa micro-USB ne, ba ya aiki da Bluetooth yayin da yake caji, manhajarsa ta waya, Bose Connect, ba ta ba ka damar gyara bes ko tsinin sauti, kuma hanyoyin aika sauti biyu kawai ya sani, SBC da AAC. Mai neman aptX ko LDAC sai ya duba wani.

Kafin a yi gardama kan ko manhajar ciki na iya canza sauti, akwai gwaji na minti ɗaya da zai raba ta. Ka jona wayarsa ta sauti, mai kan milimita 2.5 a ɓangaren hedifon, ka saurari waƙa yana kashe. Sautin zai zo a dushe, murya kamar daga bayan labule. Ka kunna shi ba tare da ka taɓa komai ba, nan take sautin ya buɗe. Lasifikar ba ta canza ba. Lantarkin cikinsa ne ke gyara abin da yake tura mata. Tunda haka ne, kamfani yana da ikon sauya sautin irin wannan hedifon daga nesa, kuma an taɓa kama hakan da awo. A Disamban 2019 Apple ya fitar da sabuntawar 2C54 ga hedifonsa AirPods Pro, masu gwaji na shafin Rtings, mai auna kayan lantarki, suka sake aunawa suka ga toshe hayaniya ya ragu sosai, musamman a ƙananan amo, wato masu kauri irin rugugin injin mota da na jirgi, yayin da daidaiton bes ya ɗan gyaru. Apple ya janye wannan sabuntawa. Don haka masu ƙorafi ba mafarki suke yi ba a kowane lokaci.

Na Bose dai ya bi wata hanya. Bayan watanni ana kuka, kamfanin ya fitar da rahoton bincike a Afrilun 2020. Injiniyoyinsa sun je gidajen wasu masu ƙorafi, sun karɓi hedifon wasu sun buɗe, sun kuma sa wani ɗakin gwaji na waje ya auna. Ba a sami bambanci tsakanin tsohuwar manhaja 4.1.3 da 4.5.2 wajen kashe hayaniya ba. Inda aka sami raguwa ta gaske, daga jikin na'urar ta fito: kushin da bai gama shiga mazauninsa ba, kushin da ba na kamfani ba, ko lalacewar wani sashe. Duk da haka Bose ya buɗe damar komawa 4.1.3 na wani ɗan lokaci. Na yaba wannan, amma ina ganin laifinsu a jinkiri. Wata goma mutum yana zargin abin da ya saya da tsada. Da a ce kowane kamfani yana rubuta ƙarara cewa ya taɓa sauti ko bai taɓa ba, da an huta da yawancin wannan rigima.

Maganar kushin ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Kofin hedifon da gefen kanka suna haɗa ɗan rufaffen ɗaki, bes kuma matsin iska ne a cikin wannan ɗaki. Da zarar iska ta sami hanyar fita, ƙananan amo ne ke fara zubewa. Kashe hayaniyar ma a kan wannan rufi aka gina shi: akwai makirufo a waje da ke jin abin da ke tahowa, akwai na ciki da ke jin abin da ya iso kunne, sai na'urar ta fitar da kishiyar amon don su soke juna. An yi lissafin ne da kushin mai kauri da laushi da aka sani. Ka sa wanda sosonsa ya fi tauri ko ya fi tsayi, nisan lasifika da kunne ya canza, lissafin ya goce. Kamar ka rufe ƙofa ne ka bar taga a buɗe. Kushin QC35 II yana da bakin roba da ke shiga ƙarƙashin wasu ƙananan haƙora zagaye da kofin. Idan biyu ko uku ba su kama ba, ido ba zai gani ba amma kunne zai ji. Ka bi zagayen da babban yatsa kana dannawa har kowane ya yi ƙas. Ƙafar tabarau mai kauri, gefen hula, ɗankwali ko mayafi da ya shiga ƙarƙashin kushin duk suna buɗe irin wannan kafa.

Fatar kushin ba fata ce ta gaske ba, kuma zafi da gumi ne manyan abokan gabanta. A wuri mai zafi takan fara ɓarewa da wuri, soson ya kwanta. Wannan lalacewa a hankali take zuwa, shi ya sa mai hedifon ba ya lura, sai ranar da ya yi sabuntawa ya zauna ya kasa kunne da gangan. A ranar zai ji raguwar da ta shekara tana taruwa, ya ɗora wa abin da ya faru jiya. A ranar ne kuma zai fara lura cewa yana jin muryoyin mutane da kukan yaro, alhali kashe hayaniya ta lantarki dama ta fi aiki a amo mai kauri, ƙasa da kimanin haz 1,000 (haz ma'aunin tsinin amo ne), wato gurnanin janareta, fanka, na'urar sanyaya ɗaki da injin jirgi. Abin da ya haura nan, kushin ne ke tare mafi yawansa.

Kunne kuma ba ya riƙe ainihin kamannin sauti fiye da 'yan daƙiƙoƙi, sabuntawa kuwa tana cin mintuna. Kafin ta gama, abin da kake kwatantawa da shi tunani ne kawai. Ga kuma matsalar ƙarfin sauti: bambancin desibel ɗaya, wato ɗan ƙaramin mataki a ma'aunin ƙarfin sauti, ya isa ya sa ɗaya ya zama kamar ya fi cika da armashi, domin kunnen ɗan Adam yana ƙara jin bes idan an ƙara ƙarfi, abin da masu bincike Fletcher da Munson suka auna tun 1933. Masu gwaji na ƙwarai suna daidaita ƙarfi har zuwa desibel 0.1 saboda wannan dalili.

Idan bayan sabuntawa ka ji sautin ya canza, ka fara da saituna kafin zargi. Ka buɗe Bose Connect ka duba ko matakin kashe hayaniya yana kan babba. Maɓallin da ke kofin hagu, idan an ba shi wannan aiki, dannawa ɗaya bisa kuskure ta isa ta sauke shi zuwa ƙarami. Ka duba ko wata manhaja a kwamfuta ko waya ta buɗe makirufon hedifon, domin da zarar an buɗe shi Bluetooth yana komawa yanayin kiran waya, sauti ya zama guda ɗaya siriri. Wannan shi ne babban dalilin da ke sa mutum ya ce waƙa ta koma kamar rediyo. A wayar Android, ka goge haɗin ka sake haɗawa, ka tabbatar ƙarfin waya da na hedifon suna tafiya tare, ka kuma duba ko AAC ko SBC ake amfani da shi. Ka goge ƙananan ramukan makirufo da busasshen buroshi mai laushi, musamman bayan hunturu, kada ka tsokana su da allura.

Wanda ke son tabbaci sai ya nemi hedifon biyu, ɗaya mai tsohuwar manhaja, ɗaya mai sabuwa, duka da cikakken caji da kushin iri ɗaya. A zauna kusa da hayaniyar da ba ta sauyawa, kamar fanka a mataki ɗaya. Wani ya riƙa sa maka su ta baya ba tare da ka gani ba, sau goma, yana jefa kwabo don zaɓen wanda zai ɗora. Idan ka canki tara cikin goma, akwai bambanci na gaske, domin damar samun haka da sa'a kawai kusan ɗaya ce cikin ɗari. Shida ko bakwai ba hujja ba ce. Ko ka canka ɗin, sai a musanya kushin tsakaninsu a sake, don a gane ko bambancin ya bi kushin ko ya tsaya a jikin hedifon.

Wajen saye, ka haɗa shi da Bose Connect a gaban mai kaya. Na jabu sun yi yawa, kuma yawanci manhajar ba ta ganinsu. A nan ne ma za ka ga lambar manhajar cikin. Ka sa shi a kai babu waƙa, ka danna kowane kofi a hankali. Idan hayaniya ta ragu sosai da dannawar, kushin ya gaji, sai a rage maka kuɗinsa. Idan ka ji fito ko ƙarar iska a gefe ɗaya kawai, makirufo ko jikin kofin ne ya sami matsala, kuma babu sabuntawar da za ta gyara wannan, ka ajiye shi. Ka tambayi awa nawa batirin ke yi yanzu, tunda canza shi aikin mai gyara ne. Idan za ka sabunta ta kwamfuta a shafin sabuntawa na Bose, ka cika caji tukuna, ka yi amfani da wayar USB mai ɗaukar bayanai, domin da yawa daga cikin na kasuwa caji kawai suke yi, kuma kada ka zare ta sai an nuna maka an gama.