Wane littafin bincike ya cancanci kuɗinka a Zariya?

Littattafan bincike sun yi tsada, kuma ɗalibi ko malamin makaranta ba zai iya sayen duk abin da aka yaba masa ba. Abin dubawa kafin a buɗe aljihu shi ne: sau nawa za ka koma wa littafin, kuma iliminsa yana tsufa ko kuwa? Wanda za ka karanta sau ɗaya, Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Samaru ya ishe ka.

A fagen tarihi tsohon bugu ba aibi ba ne. Mai son sanin sarautar Zazzau yakan fara da Government in Zazzau na M.G. Smith, wanda ya fito a 1960, ya bi tsarin mulki daga 1800 zuwa 1950. Wajen jera sarautu da yadda mulki ke yawo tsakanin gidajen Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, har yau da wuya a tsallake shi. Sai dai ya ɗora komai a kan rabon Haɓe da Fulani, kuma a nan ne Yusufu Bala Usman ya yi masa raddi mai zafi. Saboda haka idan kuɗin littafi ɗaya gare ka, mu dai za mu ce ka sayi The Transformation of Katsina na Bala Usman, bugun ABU Press na 1981, ka karanta Smith a laburare. Katsina yake magana a kai, amma yadda yake tuhumar majiya zai amfane ka ko a tarihin Kauru ko Kajuru kake aiki. Wanda nauyin waɗannan biyu ya tsorata shi, ya nemi Baba of Karo na Mary Smith, na 1954. Tsohuwa ce ke ba da labarin aure da kishi da harin bayi da bakinta, ana karanta shi kamar hira.

Likitanci kuwa akasin haka ne. Principles of Medicine in Africa, wanda Eldryd Parry ya fara fitarwa a 1976 lokacin da yake da alaƙa da asibitin koyarwa na nan, an sake shi har bugu na huɗu a 2013. Masu baza littattafai a bakin titi sukan miƙo tsohon bugu da araha. Kada ka karɓa don aiki, domin maganin zazzaɓin cizon sauro da na tarin fuka duk sun canza, ƙanjamau kuma ko sunansa ba a sani ba a 1976. Binciken Kelsey Harrison na 1985, a kan haihuwa 22,774 a asibitin Zariya, wanda ya nuna yadda rashin zuwa awo ke halaka mata, a mujalla ya fito, ba a kanti ake samunsa ba. Haka aikin Davidson da Parry kan ciwon zuciyar masu jego da dangantakarsa da wankan jego da kunun kanwa.

Ɗaliban noma da tattalin arziki su nemi aikin David Norman na cibiyar binciken noma ta Samaru. Ya bi manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi gona-gona, ya tarar cewa haɗa gero da dawa da wake a gona guda, abin da masana na lokacin ke rainawa, dabara ce ta rage asara da cin moriyar ƙwadago a lokacin noma. Alƙalumansa sun tsufa, Hanwa ma gari ya haɗiye ta, amma hanyar tattara bayanansa abin koyi ce. Silent Violence na Michael Watts, kan yunwa a ƙasar Hausa, ya fi shi kauri da wuyar Turanci. Bugun 2013 ya fi na 1983 sauƙin samu.

Ƙamus shi ne abin da ya fi cancantar saye, don kullum ana buɗe shi. Na Bargery, na 1934, ya fi kowanne tara tsofaffin kalmomi da na karin harshe, amma yana nan kyauta a intanet. Mai rubutu da Hausa ya fi buƙatar Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, na 2006, mai fassara Hausa da Hausa. Mai aikin fassara ya nemi na Paul Newman na 2007, saboda alamun karin sauti da tsawon wasali.

Saura batun wane irin kwafi. Na asali ya fi daɗewa, na hannu ya fi araha, na satar bugu kuma ya cika gari. Ana gane na sata da takarda mai shara-shara wadda rubutun baya ke leƙowa, da hotuna da suka koma baƙi ƙirin, da gam a maimakon ɗinki. Buɗe tsakiyarsa ka danna: idan ya yi ƙara, kafin damina ta wuce shafuka sun fara zubewa. Duba lambobin shafi a wurare uku ko huɗu, don sau da yawa wani sashe yakan maimaitu, wani ya ɓace. A na hannu, taswirori masu naɗi da fihirisar ƙarshe ne ake fara yagewa, littafin tarihi kuma ba fihirisa rabin amfaninsa ya tafi. Shinshina shi ma, warin danshi alama ce ta fumfuna, kuma takan kama sauran littattafan da ke kusa.

Kundin digiri kada ka biya kowa ya tura maka ta WhatsApp. Da yawa daga na ABU suna rumbun Kubanni na jami'ar a intanet, maƙalun mujallun Afirka kuma a leƙa shafin intanet na AJOL (African Journals Online) tukuna. Idan za ka buga PDF a shagon kwamfuta, tabbatar lambobin shafinsa sun dace da na littafin asali, in ba haka ba duk madogarar da ka kafa sai mai duba aikinka ya dawo maka da ita.