Kakin zuma ko farafin? Ƙanwata, ki ɗauki na zuma

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tsakanin kakin zuma da farafin ɗin da aka yi miki tallarsa da araha, wato farin kakin nan na man fetur, na zuma zan ce ki saya, tunda man shafawa da man leɓe za ki fara haɗawa kafin ki kai ga kyandir. Duka biyun sun bi ta hannuna. Ɗaya har yau muna tare, ɗayan kuwa kuɗina ya ci.

Kakin zuma tun ina ƙarama na san shi. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, baduku ne, kuma kwandon aikinsa ba ya rabo da wani dunƙule mai launin ƙasa wanda zare ya yi wa zane-zane ta ko'ina. Kafin ya ɗinka jaka ko kube sai ya ja zaren a jikin dunƙulen nan sau biyu ko uku, zaren ya yi santsi, ya bi basilla ba gardama, ruwa kuma ba ya saurin cinsa. Da na fara sana'a sai ƙamshin kwandon nan ya dawo mini, na shirya na tafi ƙauyen kakanninmu wurin wani dattijo mai rataye amya a kan ɗorawa. Shi zumar kawai yake matsewa ya sayar, saƙar kuwa yara yake bar wa su tauna, saura a watsar bayan gida. Da na ce saye na zo yi sai ya riƙe baki, ya ce tun da yake bai taɓa karɓar ko kwabo a kan saƙa ba. Ya tara mini rabin buhu. Na dawo gida na zuba a ruwan zafi, ta narke, na tace da tsohon ɗankwali mai tsabta, na rufe na bar shi ya kwana. Da asuba na buɗe, ga faifan kaki rawaya yana iyo a saman ruwa, gidan duk ƙamshin zuma.

Da shi na yi haɗin farko: kaki kashi 1, man kaɗe kashi 2, man kwakwa kashi 2, a kan sikeli. Lokacin hunturu ne, faso ya dami Innarmu har ba ta son taka ƙasa. Ta riƙa wanke ƙafa ta shafa da dare ta sa safa. Kakin yana yi wa fata rufi ne ya hana danshinta tsiyayewa cikin iskar hunturu, shi ya sa dundunniyar ta yi laushi. Ita ta fara yi mini talla a gidan biki, kuma kwastomomina na farko ƙawayenta ne.

Ga dalilin da ya fi ƙarfi a wurinmu: zafi. Kakin zuma ba ya narkewa sai ya kai digiri 62 zuwa 64, alhali man kaɗe ɗumin jiki ma narkar da shi yake yi. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, balle cikin but ɗin mota. Idan kika aika kwalaben mai zuwa Sakkwato ko Maraɗi babu kaki a ciki, ruwa-ruwa za su isa, sun ɓata takardar jikinsu. Kaki kaɗan shi ke riƙe haɗin ya tsaya da ƙafarsa.

Kuma ba ya yin kwantai. Ba ya tsami, ba ya ruɓewa, ki naɗe shi a leda ki ajiye shekaru yana nan. In ya yi miki yawa akwai masu so: dukawa, kafintoci masu goge katako, masu kiwon zuma da ke shafa shi a sabuwar amya don ya jawo ƙudan, da maƙeran fari. Su maƙeran nan sukan sassaƙa siffar abu da kaki, su lulluɓe da yumɓu, su gasa kakin ya tsiyaye, sannan su zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Da wannan dabara ake ƙera shahararriyar sarƙar azurfar Agadas, da ita kuma aka yi tagullolin Benin da na Ife.

Yana da nasa wahalar, kada in ɓoye miki. Kyandirinsa yana son lagwani mai kauri, in ba haka ba wutar ta nutse ta mutu. Yana manne wa mazubi, kuma ƙamshinsa yakan yi gardama da turare mai sanyi.

Farafin fa? Daga ɗanyen man fetur ake tace shi, fari ne, ba ƙamshi, yana karɓar launi, kuma don kyandirin da za a kunna idan an ɗauke wuta ya wadatar. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Katan guda na taɓa saye saboda araha, aka ba ni mai saurin narkewa, bazara na shigowa kyandirorin suka lanƙwashe a shago, man da na haɗa da shi kuwa mata suka ce kamar sun shafa leda. Wanda ake sayarwa a buɗe don kyandir ma ba na sa wa a leɓe ba ne sam.

Ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa miki: algus ya yi yawa a kasuwar kaki. Ƙudan zuma sai sun sha zuma wajen kilo 6 zuwa 8 kafin su fitar da kilo 1 na kaki, ɗan ɓarɓashi-ɓarɓashi daga ƙasan cikinsu. Abin da aka samu da wannan wahala ba zai zo da farashin farafin ba, don haka duk wanda ya karya miki kuɗi sosai ki yi shakkarsa. Wasu farafin suke narkawa su zuba kaki kaɗan da launin rawaya. Wasu kitse suke haɗawa. Akwai masu shafa zuma a bayan dunƙule don hanci ya ruɗu, akwai kuma masu binne yashi a tsakiya don sikeli ya yi nauyi. Ni kaina an taɓa sayar mini da irin wannan, sai da na narka na ga ƙasa kwance a gindin tukunya.

Saboda haka kada ki biya sai an fasa dunƙulen a gabanki. Ki shinshina cikin, ba bayan ba. Na gaskiya in ya fashe fuskarsa gari-gari take, ba ƙyalli, mai farafin kuwa sulɓi yake yi kamar sabulu. Ki gutsuri kaɗan ki murza tsakanin yatsu: na zuma zai yi laushi ya naɗu kamar danƙo, na algus ya marmashe ko ya bar maiƙo. Ki ɗan tauna, na kirki ba ya manne wa haƙori kuma ba ya ƙarnin kitse. Fararen ƙwayoyin nan da ake tallatawa a intanet da sunan kakin waje, in ba za a ba ki samfuri ki gwada ba, ki bar su.

Wurin narkawa, kada ki ɗora shi kai tsaye a wuta. Tukunya cikin tukunyar ruwa za ki yi, ta silba mai kyau ko ta tangaran, domin baƙin ƙarfe yana baƙanta shi, haka ma zafin da ya wuce digiri 85. In tsautsayi ya sa ya kama da wuta, murfi za ki kifa, kada ki kuskura ki watsa ruwa. Wajen wanke saƙa kuma ruwan sama ya fi na rijiya mai kanwa-kanwa, wanda ke sa gindin faifan ya yi burtsi.

Ki fara da rabin kilo, zai ishe ki gwaji da kwalaben farko. Ki nemi masu ɗiban zuma da kansu, irin na kudancin Kaduna ko Taraba ko ƙauyen da ke kusa da ku, wajen ƙarshen rani kafin damina ta sauka, lokacin da saƙa take da yawa. Ki ce su ware miki sabuwar saƙa mai haske daban da tsohuwa baƙa: mai hasken ta man leɓe da na jiki, baƙar kuma ki tace ta don kyandir da goge kayan fata.